Faiba ba ta ruɓewa, katakon cikinta ne ke ruɓewa

Malam Edita,

Ka ba ni fili in ja kunnen masu tsofaffin jiragen ruwa na faiba, wato haɗin zaren gilashi da gam mai tauri da ake yin jikin jirgi da shi. Katakan da ke tallafe da daɓen jirgi, ruwa na shigarsu ta ramukan kusoshi, su ruɓe daga ciki alhali waje na ƙyalli. Na sha huda irinsu, sai baƙin gari jiƙaƙƙe ya biyo bakin abin hudar.

Masu ɗura gam a kan jiƙaƙƙen katako asarar kuɗi kawai suke yi. A fara tokare jirgin kada ya karkace, a yanke faibar sama, a kwashe ruɓar kakaf. Sai wurin ya bushe ƙarau a sa sabon katako, a lulluɓe shi da faiba ninki-ninki. Ƙurar yankan tana cutar da huhu, a sa takunkumi.

Naka,
Wani mai gyaran jirgin ruwa