Hattara da notin tsakiya wajen canza shokozobar gaba a gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu motocin da ke sha'awar yin gyara da hannunsu, musamman masu shirin canza shokozobar gaba a gida. Ni ma ina cikinsu, kuma ban ga laifin mutum ya san cikin motarsa ba, sai dai akwai wuri guda a wannan aiki da ake ɗauka da wasa alhali yana iya nakasa mutum.

Yawancin ƙananan motocin yau suna da tsarin ƙafar gaba da ake kira da sunan Earle MacPherson, injiniyan Amurka da ya ƙirƙiro shi a shekarun 1940, wanda kamfanin Ford ya sa a motocinsa Consul da Zephyr a Ingila a farkon shekarun 1950. A wannan tsari shokozoba da sifirin (murɗaɗɗen ƙarfen nan mai lotsawa ya dawo) a haɗe suke, sifirin yana naɗe a jikinta, a samansu kuma akwai mazaunin roba mai boris da ke ba ƙafa damar juyawa idan an murza sitiyari. Don haka nauyin gaban mota a kansu yake, kuma su ke riƙe da tsayuwar taya. Idan shokozoba ta mutu abin ba ya ɓoyuwa, domin za a ga mai yana tsattsafowa a jikinta, gaban mota yana dunƙurawa idan an taka birki, taya kuma tana cinyewa rami-rami.

Ciro ta daga jikin mota ba shi da wahala ga mai haƙuri. Ana sassauta notunan taya tun mota tana ƙasa, a tokare tayoyin baya, a ɗaga, sannan a ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe da aka yi don haka, domin jak na ɗagawa ne kawai, ba a sa jiki ƙarƙashin motar da ke kansa shi kaɗai. Sai a kwance maƙalin tiyon birki da wayar ABS (na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki), a cire manyan notunan ƙasa, kuma a tallabe ƙafar kada ta rafko ta ja tiyo ko ta zare shaf ɗin da ke juya taya. Ƙananan notunan sama da ke cikin bonet, waɗanda galibi uku ne, su ake bari ƙarshe.

A tsakiyar waɗannan ƙananan notuna akwai wani babba guda ɗaya, kuma a kansa na rubuto wannan wasiƙa. Shi ne ke danne sifirin, wanda a matse yake ko da an ciro shi an ajiye a ƙasa. Duk wanda ya kwance notin nan kafin ya matse sifirin da na'urar matsewa, to mazaunin sama zai yi tsalle da ƙarfin da zai iya karya haƙarƙari ko fasa fuska. Ko da na'urar ma sai da lura. Ranar da na fara wannan aiki na ɗaura maƙatan na'urar guda biyu ba su fuskanci juna sosai ba, ina cikin ɗaurewa ɗaya ya zame ya koma kusa da ɗan'uwansa, sifirin ya lanƙwashe kamar bakan da aka ɗana. Na fi rabin sa'a ina sassautawa kaɗan-kaɗan, ina raɓe gefe, gumi na keto mini. Tun daga ranar nake sa maƙatan daura da juna, in ɗaure wannan kaɗan in koma wancan, kuma ba na barin bakin sifirin ya kalli jikina. Masu ɗaure shi da igiya ko waya kuwa, ganganci ne tsagwaronsa, ko da sun sha yi sun tsira.

Shawarata ga wanda bai saba ba ita ce ya sayi shokozobar da ta zo a haɗe da sifirinta da mazauninta, ya cire tsohuwa ya ɗaura sabuwa ba tare da ya taɓa notin tsakiya ba. In kuwa tsohon sifirin yake son mayarwa, ya ciro ta a gida ya kai wa makanikin da ke da na'urar matsewa ta kirki.

Wajen mayarwa, a canza hagu da dama tare, domin sabuwa da tsohuwa ba za su riƙe mota daidai ba. Kada a kama sandar shokozoba mai sheƙi da filaya, saboda ƙarzuwa kaɗan tana cin robar da ke tare mai. A ɗaure notuna da sifana mai awon ƙarfi bisa adadin da littafin motar ya faɗa, kuma kada a jefa tsohuwar a wuta, tunda da yawansu akwai iskar gas a matse a ciki. Daga nan a wuce wurin saitin ƙafa kafin a yi doguwar tafiya, domin kwance notunan ƙasa yakan gusar da tsayuwar taya, mota ta riƙa ja gefe guda, sabuwar taya ta cinye ta gefe ɗaya.

Naka,
Wani mai karatu