Kada a Ɗauko Mana Tsarin Amurka Wajen Raba Gurbin Karatu a Jami'a

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka in tofa albarkacin bakina kan wata magana da take tasowa duk shekara da zarar sakamakon JAMB ya fito. Masu maganar suna cewa bai kamata zaman awa biyu a gaban kwamfuta ya yanke wa yaro makomarsa ba, ya kamata jami'o'inmu su riƙa duba abin da ɗalibi ya yi a wajen aji, kamar shugabancin ƙungiyoyin ɗalibai da wasanni da muhawara da aikin sa-kai, su ba shi maki a kansu kamar yadda ake yi a Amurka. Da yawa daga cikinsu mutanen kirki ne, wasu ma abokan aikina ne. Ni malamin sakandare ne a makarantar gwamnati, kuma ban goyi bayan wannan shawara ba, domin yaran da nake koyarwa su za su fara shan wuyarta.

Ba na musun cewa koken yana da tushe. Tambayoyi 180 a darussa huɗu ba za su auna hankali da juriya da halin mutum gaba ɗaya ba. A 2025 kusan ɗalibai miliyan biyu ne suka zauna jarrabawar, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Bayan haka hukumar da kanta ta amsa cewa an samu tangarɗar na'ura da ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, har shugabanta na lokacin Farfesa Ishaq Oloyede ya zubar da hawaye a gaban 'yan jarida, aka sake musu jarrabawa. Tun kuma da aka mayar da jarrabawar kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, yaron ƙauye da bai taɓa zama a gaban na'ura ba yana fama da abu biyu a lokaci guda, tambayar da kuma na'urar. Duk wannan gaskiya ne. Amma maganin da ake kawowa ya fi cutar illa, kuma ƙasar da ake so mu kwaikwaya ita ce babbar shaida.

Mutane kaɗan ne a nan suka san yadda aka yi jami'o'in Amurka suka fara duba "hali" da ayyukan wajen aji. Har zuwa farkon ƙarni na 20, jarrabawa ce take shigar da mutum Harvard. Da 'ya'yan Yahudawa baƙin haure suka fara cin jarrabawar da yawa, har suka zarce kashi ɗaya cikin biyar na sababbin ɗalibai a 1922, sai shugaban jami'ar na lokacin, Lawrence Lowell, ya nemi a ƙayyade musu adadi. Da aka ƙi amincewa da ƙayyadewar a fili, sai aka bi ta bayan fage: aka shigo da wasiƙun shaida daga manya, da hira da ɗalibi, da tambayar asalin iyaye, da auna "nagartar hali". Cikin 'yan shekaru yawan Yahudawa ya ragu. Wato tun asali an ƙirƙiro wannan ma'auni ne domin mai ba da gurbi ya samu damar ƙin wanda ya ci jarrabawa ba tare da ya faɗi dalili ba. Kusan shekara ɗari bayan haka, a shari'ar da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 2023 kan yadda Harvard take ɗaukar ɗalibai, an fito da bayanan da suka nuna cewa ɗalibai 'yan asalin Asiya, waɗanda suka fi kowa maki a karatu, su ne suke samun maki mafi ƙaranci a ɓangaren "hali" a wannan jami'a.

Sai kuma badaƙalar da ta fashe a 2019, lokacin da hukumomin Amurka suka gurfanar da mutum 50, cikinsu har da attajirai da taurarin finafinai. Wani dillali mai suna Rick Singer ya karɓi kusan dala miliyan 25 daga iyaye domin ya shigar da 'ya'yansu manyan jami'o'i. Ya yi maguɗin jarrabawa ga wasu, wannan gaskiya ne, amma hanyar da ya fi tutiya da ita ita ce ta wasanni: a ba koci cin hanci, a rubuta cewa yarinya gwanar tuƙin kwale-kwale ce alhali ba ta taɓa shiga gasa ba, wani lokaci ma a ɗora kan yaro a jikin hoton wani ɗan wasa. Wannan fa a ƙasar da take da 'yan sandan ciki masu bin diddigi da kotunan da suke ɗaure attajiri.

Ko an cire masu zamba, lissafin bai canza ba. Binciken da masana tattalin arziki Raj Chetty da David Deming da John Friedman suka fitar a 2023 ya gano cewa yaron da iyayensa suke cikin kashi 1 cikin 100 mafi arziki ya ninka ɗan matsakaicin gida fiye da sau biyu wajen damar shiga manyan jami'o'in ƙasar masu zaman kansu, ko da makin jarrabawarsu ɗaya ne. Abubuwa uku suka kawo bambancin: fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, da guraben 'yan wasa, da makin da ake bayarwa kan abubuwan da ba na karatu ba. Haka nan lokacin annobar korona a 2020 jami'o'i da yawa sun daina tilasta kawo sakamakon SAT, wato jarrabawar neman shiga jami'a a can. Jami'ar MIT ta dawo da ita a 2022, Dartmouth da Yale da Brown da Harvard suka biyo baya a 2024. Dalilin da Dartmouth ta bayar shi ne abin da nake so masu karatu su lura da shi: ta gano cewa 'ya'yan talakawa suna ɓoye makin da a zahiri zai taimake su, kuma idan babu makin, ba abin da yake nuna wa jami'a cewa yaron da ya fito daga makarantar da ba wanda ya san sunanta haziƙi ne. Koriya ta Kudu ma, bayan badaƙalar 2019 da ta ci kujerar ministan shari'a Cho Kuk kan takardun shaidar da aka yi amfani da su wajen shigar da 'yarsa jami'a, sai ta rage nauyin ayyukan wajen makaranta a tsarinta. Waɗanda suka gwada suna ja da baya, mu kuma muna shirin shiga.

Yanzu mu dawo gida, Edita. A ce gobe an ware maki 20 cikin 100 domin ayyukan wajen aji. Wa zai ci su? Makarantar kuɗi a Abuja ko Legas ko unguwannin masu hali na Kano tana da ƙungiyar muhawara da ta 'yan jarida da ta kimiyya, da filin ƙwallon kwando, wata ma har da wurin iyo, tana kuma da ma'aikacin da aikinsa kawai shi ne tsara wa ɗalibi takardunsa. A makarantu irin tamu akwai ajin da yara suka haura ɗari, wasu a ƙasa suke zaune, malamin lissafi ɗaya ne yake zagaya azuzuwa da dama. Ƙungiyoyin da muka sani muna yara yawancinsu sun mutu, sai dai sunansu a jikin allo. Kafin a kammala zangon farko na sabon tsarin, wallahi za ka ga shagunan buga takardu sun cika da shaidar "shugaban ƙungiyar kaza" da "jakadan zaman lafiya", kuma ƙungiyoyin sa-kai na bogi za su buɗe ofis suna sayar da takardar yabo. Ƙasar da har yanzu take yaƙi da cibiyoyin satar amsa a WAEC da NECO, da me za ta tantance ko yaro ya share asibiti a hutun ƙarshen shekara?

Maki kuwa ana iya bin sawunsa. A 2023 wata ɗaliba ta fito da sakamakon JAMB mai maki 362 har ana ta yi mata kyaututtuka, sai hukumar ta buɗe rumbun bayananta ta nuna cewa 249 ta ci, kwamitin bincike ya tabbatar, ita ma ta amsa. An kama wannan ne domin akwai wurin da asalin makin yake ajiye. Takardar shugabancin kulob ba ta da irin wannan rumbu. Sa hannun shugaban makaranta kawai take buƙata, shi kuma yana da maƙwabta da surukai da masu gidan da ba zai iya ce musu a'a ba.

Ai mun san halinmu game da alfarma. Dalilin da ya sa JAMB ta kawo CAPS, wato tsarin ba da gurbi ta intanet, a 2017 shi ne a rage gurbin da ake bayarwa ta bayan gida, kowa ya ga jerin sunaye da makin da aka bi. Ko jarrabawar tantancewa da jami'o'i suke yi bayan JAMB, wadda aka fara a 2005, sai da gwamnati ta dakatar da ita a 2016 saboda koke-koke, ta dawo da ita a 2017. Duk da wannan tsaro har gobe ana jin labarin jerin sunayen manya. To ina ga an ba jami'in ɗaukar ɗalibai makin da zai raba bisa ganin damarsa? Mai uwa a gindin murhu ba zai ci tuwonsa gaya ba. Yau idan an hana ɗan talaka gurbin karatun likita alhali ya ci 290, yana da takardar da zai ɗaga ya yi ƙara. Ranar da aka ce masa "ayyukanka na wajen aji ba su gamsar ba", ba shi da abin cewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zaton da ake yi cewa yaranmu ba sa yin komai bayan an tashi daga makaranta. Suna yi, fiye ma da waɗanda za a ba makin. Akwai yarinyar da take tashi kafin asuba ta ɗebo ruwa, ta dama koko, ta shirya ƙannenta, sannan ta taho makaranta a ƙafa, da yamma kuma ta wuce Islamiyya. Akwai yaron da daga aji sai garejin kanikanci ko shagon ɗinki, da kuɗin da yake samu a nan zai biya kuɗin rajistar JAMB ɗinsa. Akwai wanda damina tana sauka sai gona, shi ne yake riƙe da gidan tun da mahaifinsa ya kwanta ciwo. Idan juriya da ɗaukar nauyi da shugabanci ake nema, ga su nan. Amma ba mai ba su takardar shaida, ba mai ɗaukar su hoto, kuma ba su da Turancin da za su rubuta dogon bayani su tallata kansu. Tsarin da ake so a kawo zai kira mai buga ƙwallon tanis "cikakken ɗalibi", ya kira waɗannan masu haddar littafi kawai. Ban yarda a yi musu wannan cin fuska ba.

Idan da gaske ana so a duba abin da ya wuce maki tsura, akwai hanyar da ba ta buɗe ƙofar son kai. A karanta makin tare da inda ya fito. Yaron da ya ci 230 a makarantar da ba wanda ya taɓa kai 200 a cikinta ya nuna abin da mai 260 daga makarantar da take da ɗakin kwamfuta da darasin share fage na shekara guda bai nuna ba. WAEC da NECO suna da sakamakon kowace makaranta na shekaru, lissafin ba zai gagara ba, kuma na'ura ce za ta yi shi, ba mutum ba. Jihar Texas ta Amurka ta yi doka a 1997 da ta ba ɗaliban da suka fito cikin kashi 10 na sama a kowace sakandare gurbi a jami'o'in gwamnatin jihar, ta haka yaran ƙauyuka da unguwannin talakawa suka samu shiga. Mu ma muna da tushen irin wannan a rabon guraben jami'o'in tarayya, inda ake ba da kashi 45 bisa cancanta, 35 ga yankin da jami'a take, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Matsalar wannan rabo ita ce da jiha yake aiki. Ɗan kwamishina daga Jigawa ko Yobe da ya yi karatu a makarantar kuɗi a Abuja yana cin gurbin da aka ware domin yaron da ya yi karatu a ƙauye. A sauko da ma'aunin daga jiha zuwa makaranta.

Ayyukan wajen aji kuwa, ban ce a yi watsi da su kwata-kwata ba. Inda ɗalibai biyu suka yi kunnen doki a maki, a duba nasarar da take da rajista a hannun hukumar da ba ta makarantar yaron ba, kamar musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato take shiryawa tun 1986, ko gasar lissafi da kimiyya ta ƙasa, ko wakiltar jiha a gasar wasanni ta ƙasa. Waɗannan a bainar jama'a ake yin su, sunayen waɗanda suka yi nasara a rubuce suke. Iyakarsu ke nan, raba gardama, kada su zama makin da zai ɗaga mai 210 sama da mai 270.

Ina roƙon gwamnonin arewa su dawo mana da muhawara da kacici-kacici da wasannin makarantu saboda amfaninsu ga tarbiyya, ba don a sayi gurbi da su ba, su kuma sa kwamfutoci masu aiki da wutar sola a kowace babbar sakandare, yaro ya saba da su tun daga aji huɗu. Ina kuma roƙon jaridarka ta nemi JAMB ta fitar da sakamakon jarrabawa makaranta-makaranta, ku buga shi, iyaye su ga inda 'ya'yansu suka tsaya kafin taron tsara ka'idojin ɗaukar ɗalibai na baɗi.

Na gode.

Wani malamin sakandare,
Zariya, Jihar Kaduna.