Wasiƙa zuwa ga ɗana kan yunwar dare

Assalamu alaikum, Babana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aiki? Saƙonka ya iso. Ka ce don rage ƙiba wuni guda kana kame bakinka, da yamma ka je ɗaga ƙarfe, amma sha ɗayan dare na yi sai ka tsinci kanka a bencin mai shayi ana soya maka Indomie biyu da ƙwai, har kana zargin kanka da rashin haƙuri. Ni ban ga rashin haƙuri a nan ba. Bashi kake ci da rana, dare kuma ya zo karɓa.

Duba yadda ka tsara wuninka. Da safe ruwan shayi, da rana ka tsallake abinci ko ka ɗan taɓa biskit, sannan ka yi awa guda kana zufa kafin magariba. Namiji mai jikinka yana ƙona kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) wajen 2,500 a rana, kai kuwa da ƙyar ka ba shi 700 kafin isha. Idan ciki ya daɗe wayam yana sakin wani sinadari da ake kira girelin, shi ke kai wa ƙwaƙwalwa ƙarar yunwa, kuma a irin wannan hali ba ganye take nema ba, maiƙo da zaƙi take so. Wancan farantin na mai shayi, idan ka haɗa man suyar da kofin shayi mai madara da sukari, ya haura kalori 1,000. Ka ga an yi ba a yi ba ke nan.

Giɓin da ake so ƙarami ne: ka rage kalori 300 zuwa 500 daga abin da jikinka ke ƙonawa a rana. Wannan zai sauke maka wajen kwata zuwa rabin kilo a mako, kuma za ka iya ɗorewa a kai wata da watanni.

Abin da ya fi riƙe ciki shi ne furotin, wato sinadarin gina jiki, sai ganye da hatsin da ba a surfe dusarsa duka ba. Ka nemi furotin giram 100 zuwa 120 a rana, ka raba shi uku, kada ka tara shi duka a dare. Ga ma'aunin da za ka riƙe a ka: ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin dafaffen wake wajen 13, kofin kindirmo wajen 8, gasasshen kifi ko nama marar kitse mai faɗin tafin hannunka wajen 25. Da safe ka ci dafaffen ƙwai biyu da alala, ko ƙwai da kindirmo. Ƙosai da awara ba laifi, sai dai suna shan mai a kasko, babban cokali ɗaya na mai kuwa kalori 120 ne, na gyaɗa ne ko manja. Da rana in wake da shinkafa ne, waken ya fi shinkafar yawa, a sa kifi da kabeji, man kuma kai za ka auna da cokali, kada ka bar wa mai abinci ludayinta. Saura awa ɗaya ka fita motsa jiki, ka ci ayaba ɗaya ko dabino uku. Mai shiga wurin ɗaga ƙarfe da ciki wayam shi ke fitowa idonsa ya rufe.

Abincin dare kada ka kuskura ka yafe shi. Ka ci cikin awa ɗaya ko biyu da gama motsa jiki. Rabin faranti ya zama ganye, zogale ko rama ko alayyahu ko kabeji da karas. Kashi ɗaya cikin huɗu kifi ko kaza ko wake. Ragowar tuwo, malmala ɗaya kamar dunƙulen hannunka. Tuwon dawa ko na gero ya fi na shinkafa zama a ciki. Miyar kuka ko kuɓewa mai ɗan mai kaɗan ta fi miyar da mai ke iyo a kanta. Ka fara da ganyen da naman, tuwo ya zo ƙarshe, kuma ka ci a natse, don ƙoshi yakan ɗauki wajen minti 20 kafin ka ji shi.

Sai maganar barci, wadda na san ba ka son ji. In ka ci abinci ƙarfe bakwai ka zauna da waya har ƙarfe ɗaya, awa shida ke nan, ko wane ne sai ya ji yunwa. Tsakanin abincin dare da kwanciya kada ya wuce awa biyu zuwa uku. Ƙarancin barci kansa yana ƙara girelin, yana kuma rage leftin, sinadarin da ke shaida wa jiki cewa ya ƙoshi, shi ya sa washegarin daren da ka raba ido biyu kake wuni da kwaɗayi. Ka nemi awa bakwai. Goro da kofi da shayi mai kauri da lemon ƙarin kuzari ka bar su daga la'asar, domin bayan awa biyar kusan rabin sinadarin hana barcin da ke cikinsu yana nan a jininka.

To, in duk ka yi wannan yunwar ta zo fa? Sha ruwa kofi ɗaya tukuna, ka jira minti 15, don bayan zufa ƙishirwa takan yi shigar yunwa. Sannan ka tambayi kanka: da za a ajiye mini dafaffen wake gaya, zan ci? In za ka ci, yunwa ce ta gaske, ka ci abinci. In cincin ko lemon kwalba kaɗai ranka ke so, kwaɗayi ne, ka goge haƙori ka kwanta. Lemon kwalba guda yana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi tara, kuma ba ya ƙosarwa ko kaɗan.

Yunwar gaske kuwa tun da rana ake yi mata tanadi, abin da bai wuce kalori 150 zuwa 200 ba: kofin kindirmo ba sukari, ko dafaffen ƙwai ɗaya da gurji, ko ɗan kwaɗon zogale da cokali ɗaya na garin ƙuli. Ka zuba a kwano, ka zauna ka ci, ka ajiye wayar. Gyaɗa ka yi hattara da ita. Cikin tafin hannu ɗaya, giram 30, ya kai kalori 170, kuma wanda ya zauna da kwalbarta a gefe ba ya sanin lokacin da ya ga gindinta. Fura da nono ma abinci ce cikakkiya, in za ka sha ta to ita ce abincin darenka, ba ƙari a kansa ba. Cin dare shi kaɗai ba ya sa ƙiba, jimillar abin da ka ci a wuni ake lissafawa. Ranar da ka zarce, kada ka hora kanka da ƙin karyawa da safe, nan ne zagayen ke sake farawa.

Akwai yunwar da ba ta wannan babin ba. In tana zuwa da rawar jiki da zufa mai sanyi da jiri, ko da ƙishirwa mai tsanani da yawan fitsari, ka je a auna maka sukari. In raɗaɗi ne a ƙahon zuci yake tashinka tsakar dare, ya lafa da ka ci wani abu, a duba gyambon ciki. Shayin rage tumbi da ake talla kuma ka rabu da shi, da yawansu gudawa da fitsari suke sawa, ruwan jikinka ne ke tafiya.

Ka hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe bayan ka zaga, kafin ka ci komai. In kana sauka fiye da kilo ɗaya a mako, ko ƙarfen da ka saba ɗagawa ya fara gagararka, ka ƙara abincin rana. Ranar Asabar zan ba direba busasshen zogale da ƙuli ya kawo maka. Zogalen ka jiƙa shi ka tafasa ya yi laushi kafin ka kwaɗa. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka.