Koke zuwa ga Mai Girma Hakimi kan manhajar karatun likita

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
ta hannun Dagaci da masu unguwanni.

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka. Mu ne talakawanka na ƙauyukan bakin kogin Hadeja, manoma da masunta da makiyaya, da iyayenmu mata da kwamitin lafiya na mazaɓa. Mun san ka saba jin kukanmu kan hanya da taki da ambaliya, to yau wata magana ce daban, wadda wasu ma suka ce mana ta fi ƙarfinmu, wai ina ruwan ɗan ƙauye da abin da ake koyarwa a jami'a. Mu kuma muka ce da ruwanmu mana, tunda duk likitan da aka yaye jikinmu zai zo ya taɓa.

Ga yadda abin yake. A watan Disamba na 2022 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fito da sabon tsarin manhaja da ake kira CCMAS, inda kashi 70 cikin ɗari na karatu iri ɗaya ne a duk Najeriya, kashi 30 kuma aka bar wa kowace jami'a ta cike da abin da ya dace da ita da yankinta. Karatun likita ma yana ciki, sannan ga hukumar kula da aikin likitoci, MDCN, da ke tantance makarantun ta ba likita lasisi. To ranka ya daɗe wannan kashi 30 ɗin shi muke magana a kai. Jami'ar Tarayya ta Dutse tana koyar da likitoci a jiharmu, ga asibitin Rasheed Shekoni, ga Bayero da asibitin Malam Aminu Kano a maƙwabta, yaranmu ne a ciki, muna so a sa mu a lissafi in an zauna tsara abin da za su karanta.

Mun san ana kai ɗalibai fostin na lafiyar al'umma, wato koyon aiki a cikin jama'a, ɗaliban Bayero Kumbotso suke zuwa, kuma abu ne mai kyau. Amma kowa ya san Kumbotso yanzu birni ya kusa haɗe ta. Yaron da ya yi shekara shida yana koyon aiki inda akwai lab da sikanin da bankin jini da manyan likitoci a kansa, ya ƙara shekara ɗaya ta horo a babban asibiti, rana tsaka bautar ƙasa ta jefo shi wurinmu, wallahi tausayi yake ba mu. Zai rubuta gwaji huɗu a kati, malamin asibiti ya ce masa likita ba a yin ko ɗaya a nan, sai an je gari, kuma damina ce hanya ta yanke sai kwalekwale. Ilimi yana da shi ba musu, amma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa yadda ake yanke hukunci da ido da hannu da abin awon jini kawai, wa za a riƙe, wa za a tura tun da sauran rana.

Ku duba maganar haihuwa. Mace ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki, maigida ya tafi cirani kuma ba mai iya cewa a fita da ita sai an same shi a waya, kafin a nemo mota ko a shimfiɗa ta a amalanke ta fara jijjiga. Wadda Allah ya yi wa sauran kwana sai ta ƙare da yoyon fitsari a kai ta Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aikin tun 2008. Ɗalibi ya karanta duk wannan a littafi, ya san sunan allurar, amma bai san wa ke da ta cewa a gidan ba, uwar miji ce ko wan miji, bai san ungozoma ce ta fara ganinta ba. Haka mai jego da ta zo da kumburin ƙafa da haki, in bai san wankan jego da kunun kanwa ba ai ba zai ma tambaya ba, ita kuma kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba.

Ga tsargiya. Yaranmu a ruwa suke wuni, kamun kifi da wanka da aikin shinkafa, cikin ciyawar kachala inda katantanwar da ke ɗauke da cutar take, har wasu iyaye sun ɗauka fitsarin jini alamar girma ce ga ɗa namiji. A ba yaro ƙwaya ya warke, sati biyu ya koma ruwan. Wannan sai wanda ya zo ya tsaya bakin ruwan ya gani. Tamowa, sikila, saran maciji lokacin girbi, amai da gudawa bayan ambaliya, mashaƙon da ya addabi Kano a 2023, duk ga su nan.

Don haka muna roƙo ka kai maganarmu gaban Mai Martaba Sarki, shi kuma ya isar ga shugabannin jami'o'in da ma'aikatar lafiya. Muna so fostin ɗin ƙauye ya zama na kwana, ɗalibi ya zauna cikinmu makonni, wani ɓangare ya faɗo cikin damina, ba a kawo su a bas da hantsi a kwashe su kafin la'asar ba. Ɗaki da ruwa da tsaronsu mun ɗauka, ɗalibai mata kuma gidan Dagaci a shirye yake.

Sai maganar jarrabawa, wadda ita ce ta fi damunmu, don ɗalibi abin da za a ba shi maki a kai shi yake karantawa, sauran kuwa sa hannu kawai yake nema a littafi. A gwada shi yana ɗaukar bayanin maras lafiya da Hausa, inda hali da Fulatanci ko ta hannun tafinta, a gani ko tsohuwa ta gane yadda za ta sha maganin bayan ya gama bayani. Kuma a tambayi mai kula da asibitinmu da ungozoma da kwamitin mazaɓa yadda ya zauna da mutane, a sa abin da suka faɗa cikin makin ko da kaɗan ne. In za a sake duba manhaja a ba su kujera a zaman. Jami'a kuma ta riƙa bin sawun waɗanda ta yaye, nawa ne ke aiki a karkara bayan shekara biyar, nawa suka koma birni ko suka haye jirgi, da haka za ta san ko tsarin nata yana yi.

Sharaɗinmu ɗaya ne ranka ya daɗe, kuma ba wasa a ciki. Mutanenmu ba su manta gwajin maganin da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba. Duk ɗalibin da zai zo ya zo da malaminsa, a nemi izinin maras lafiya kafin a taɓa shi, ba ɗaukar hoto a watsa a waya, in kuma bincike za a yi a faɗa wa Dagaci da liman tun farko, a dawo a gaya mana abin da aka gano.

Muna roƙon a sa mana ranar da wakilanmu za su zo fada su yi bayani baki da baki, in so samu ne kafin ruwa ya sauka hanya ta ɓaci.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya da nisan kwana, amin.

Mu ne naka,
kwamitin lafiya na mazaɓa, a madadin dattawa, mata da matasan ƙauyukanmu.