Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya Kan Numfashin Jarirai

Mai girma Minista, Farfesa Muhammad Ali Pate,

Assalamu alaikum. Ni ungozoma ce da ta yi ritaya, kuma halin da jikata ta shiga ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Kwananta 19 a duniya mura ta kama ta, irin wadda 'yan barka kan shigo da ita ɗakin mai jego ba da saninsu ba. Bayan kwana uku ta daina kama nono, numfashinta ya koma sama-sama, ƙasan haƙarƙarinta yana lotsawa duk sa'ad da ta ja iska. A asibitin da muka kwana, tukunyar oksijin ɗaya ake zagayawa da ita tsakanin jarirai uku. Allah ya tashi kafaɗunta, amma jaririn da ke gadon kusa da mu bai ga asuba ba.

Likita ya ce alamun RSV ne, wato wata ƙwayar cuta (bairos) mai kama huhu da hanyoyin numfashi. Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin cewa wannan bairos yana kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin dubu 100 duk shekara a duniya, kusan rabinsu ba su cika wata 6 ba. Maganin antibayotik ba ya taɓa shi, amma shi iyaye ke sayowa a kemis suna ɗura wa jarirai.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne akwai rigakafi. Allura ɗaya ce ake yi wa mai juna biyu daga mako na 28, garkuwar ta bi ta mabiyiya ta isa ga ɗan da ke ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance ta a Maris 2025, Gavi kuma, ƙungiyar duniya mai taimaka wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi samun alluran rigakafi, ta amince da tallafa mata a Yuli. Kai ne ka haƙura da shugabancin Gavi a 2023 domin ka dawo ka yi wa gida aiki, kuma a hannunka rigakafin zazzaɓin cizon sauro ya isa Kebbi da Bayelsa a 2024, saboda haka ba hanya za a nuna maka ba.

Don girman Allah, ka fito ka faɗa mana lokacin da allurar nan za ta iso ɗakunan awon ciki. Matanmu sun saba da allurar tetanus a wajen awo, ba za su guji wannan ba idan aka yi musu bayani da harshensu. Kafin nan, a wadata ƙananan asibitoci da oksijin da 'yar na'urar auna iskar jini.

Wassalam.