Bashin da ke cinye jarin ƙananan 'yan kasuwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi magana kan masu ƙananan sana'o'i a wannan lokaci da kasuwa ta ja baya. Bankin Duniya ya ce ƙanana da matsakaitan sana'o'i su ne kusan kashi 90 cikin 100 na harkokin kasuwanci a duniya, kuma su ke ɗauke da fiye da rabin ma'aikata. Amma da an shiga matsi, kamar na rikicin kuɗi na duniya a 2008 da na annobar korona a 2020, su bankuna ke fara rufe wa ƙofa.

A ganina, abin da ya fi karya ɗan kasuwa yanzu shi ne bashin da yake bayarwa. Littafi cike da sunayen waɗanda suka ɗauki kaya, a takarda akwai riba, amma ranar da dillali ya zo karɓar kuɗinsa, aljihu wayam. Sai a ciyo bashi mai ruwa a biya wancan, jari ya fara zagwanyewa. Gara a yanka wa'adin biya tun ranar ɗaukar kaya. Wanda ya saɓa alkawari sau biyu a daina ba shi, ko da ɗan'uwa ne, duk da na san wannan da wuyar faɗa.

Kayan da suka daɗe a kan kanta suna tara ƙura, a karya farashi a sallame su, a zuba kuɗin cikin abin da ke fita kullum. Mai sana'a kuma ya yanka wa kansa albashi, ya daina sa hannu a kuɗin ciniki don hidimar gida.

Naka,
Mai karatu