Dogayen Kalmomin Jamusanci da Harshen Holan, da Abin da Ya Shafi Rubutunmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan dogayen kalmomin Jamusanci da na harshen mutanen Holan, waɗanda matasanmu ke turawa juna a waya ana ta dariya, wasu har suna cewa masu waɗannan harsuna ba sa numfashi idan suna magana. Dariyar ba laifi ba ce, domin su kansu masu harsunan suna yin raha da kalmomin. Damuwata ita ce an tsaya a dariya kawai, alhali akwai abin lura a ciki wanda ya shafi yadda muke ƙirƙirar kalmomi da yadda muke rubuta su a Hausa.

Kalmar da ta fi yawo ita ce Rindfleischetikettierungsüberwachungsaufgabenübertragungsgesetz, mai haruffa 63. Ba ƙagen wani mai barkwanci ba ce. Sunan wata doka ce da aka gabatar a 1999 a jihar Mecklenburg-Vorpommern da ke arewa maso gabashin Jamus, a lokacin da fargabar cutar haukan shanu ta sa hukumomin Turai suka tsaurara sa ido a kan naman da ake sayarwa, kuma an soke ta a 2013. Idan aka warware ta, za a ga kalmomi ne na yau da kullum aka jera: naman shanu, liƙa takardar shaida, sa ido, ayyuka, miƙawa, doka. Ma'anarta ke nan, dokar miƙa ayyukan sa ido kan liƙa wa naman shanu takardar shaida. Bahaushen da ya faɗi wannan jimla bai taƙaita komai fiye da Bajamushe ba, illa dai shi ya bar fili tsakanin kalmominsa, shi kuwa Bajamushe ƙa'idar rubutunsa ta ce ya haɗe su idan abu guda suke nufi.

Haka abin yake da Donaudampfschifffahrtsgesellschaft, sunan kamfanin jiragen ruwa masu aiki da tururi a kogin Danub, wanda aka kafa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1829. Masu wasa da harshe sukan ɗora masa kyaftin, su ɗora hular kyaftin, su yi ta ƙarawa har inda ƙarfinsu ya ƙare, domin nahawun bai sa iyaka ba. Mutanen Holan ma suna da tasu, kindercarnavalsoptochtvoorbereidingswerkzaamheden, mai haruffa 49, wadda ke nufin ayyukan shirya jerin gwanon bikin yara. Irin wannan ta ƙarshe an fi ambatonta don nuna gwaninta, amma arbeidsongeschiktheidsverzekering, wato inshorar wanda ya kasa aiki saboda ciwo ko rauni, kalma ce da ma'aikaci a Holan yake gani a takardunsa ba tare da ya yi mamaki ba.

Wanda ya taɓa tsayawa a tashar jirgin ƙasa ta Zariya zai gane tsarin cikin sauƙi, domin kalmar kamar taragai ce da aka sarƙa, sai dai su kan jirgin yana can ƙarshe. Kalmar ƙarshe ita ce ainihin abin da ake magana a kai, duk na gabanta bayani suke yi mata, shi ya sa mai koyon Jamusanci yakan fara karanta doguwar kalma daga wutsiya. Mu kuwa kan yana gaba: muna fara cewa gida, sannan mu ce na waya, muna fara cewa jirgi, sannan mu ce na ƙasa ko na sama.

Abin da ya fi jan hankalina ba dogayen ba ne, gajerun ne, waɗanda ba wanda ke yi musu dariya. Asibiti a Jamusanci Krankenhaus ne, a Holan kuma ziekenhuis, duka biyun gidan marasa lafiya ke nan. Safar hannu a wurinsu takalmin hannu ce, firji kuma kabad ɗin sanyi, na'urar share ƙura kuwa mai tsotsar ƙura. Sabon abu ya zo musu, sai suka duba cikin rumbunsu suka sa masa suna da abin da yaro ma zai fahimta. Wannan hali ne nake ganin muna sakaci da shi, alhali kakanninmu gwanaye ne a kansa. Lokacin da layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, ba su ari sunan Bature ba, sun ɗauki jirgin da suka sani a kan ruwa suka ce ga na ƙasa. Har yau talakawa ba su daina ba. Su suka ba mu a-ci-bal-bal, da a-kori-kura, da dafa-duka, da ci-ma-zaune, da hana-salla, da ka-fi-zabo, kuma a zamaninmu sunan shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau a Kano ya koma sunan babur mai ƙafa uku. A nan Hausa ta yi abin da ya fi na Jamusanci armashi, a ganina, domin jimla sukutum take ɗauka, da aikatau da komai, ta mai da ita suna. Amma sau da yawa mu da muka yi boko, musamman masu fassarar labarai, mu ne muke gaggawar ɗauko kalmar Turanci mu dasa ta yadda take, tun kafin mu tambayi mutanen kasuwa da na tasha me suke kiran abin.

Ba ina kira ba ne da mu riƙa liƙe kalmomi irin na Jamusawa. Kalma mai haruffa 63 harshen ofis ce, kuma ko a can sai da aka yi mata taƙaitaccen suna na 'yan haruffa. Mu ma muna da irin wannan nauyi, don kuwa Hukumar Yaƙi da Masu Yi wa Tattalin Arzikin Ƙasa Ta'annati, da za a cire filin da ke tsakanin kalmominta, ba za ta ji kunyar tsayawa kusa da dokar naman shanu ba, kuma shi ya sa kowa ya koma cewa EFCC. Suna mai kyau shi ne wanda baki zai iya ɗauka kullum.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ya shafi rubutu. Mutanen Holan suna ɗaukar raba harɗaɗɗiyar kalma a matsayin kuskure, har suna kiran wannan ɗabi'a cutar Ingilishi, saboda daga kwaikwayon Turanci ta shigo musu. Mu kuma ƙa'idarmu ta tanadi karan ɗori, wato ɗan gajeren layin nan (-) da ake sawa tsakanin kalmomi, don wannan aiki, amma a shafi guda na jarida sai ka ga an rubuta kalma ɗaya iri uku, nan a haɗe, can a rabe, gaba kuma da karan ɗori. Ba ƙaramin abu ba ne. A baki, yanayin zance yana bambanta "a kori kura" da ake faɗa idan dabba ta shigo gari da "a-kori-kura" da ake loda wa buhunan masara a kasuwar Sabon Gari, amma a takarda, karan ɗori ne mai raba gardama. Ɗalibin da ke koyon karatu, da baƙon da ke koyon Hausa, su ne suke shan wahalar wannan sakaci.

A garin nan na Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana edita, kuma daga shafukanta ne jama'a da yawa suka koyi yadda ake rubuta Hausar boko. Yau wannan nauyi yana wuyan jaridu irin taku. Ina ba da shawara ku tsara jerin harɗaɗɗun kalmomin da kuka fi amfani da su, ku nemi malaman Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello su duba muku shi, sannan ku ba kowane wakili da mai gyaran rubutu kwafi. Zai kuma yi kyau ku ware ɗan gurbi a kowane mako inda masu karatu za su aiko da sunayen da ake kiran sababbin abubuwa da su a garuruwansu, domin masu fassara su samu abin zaɓa kafin su miƙa hannu ga Turanci.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
Tudun Wada, Zariya